Igamar Aro

Ƙarar ludayi a bayan ƙwarya ce ta fito da ni daga kicin. Ina cikin yanka albasa, autata tana falo tana latse-latsen waya, sai na ji kiɗan ya tashi, biyu a jere, ɗaya a ware, irin bugun da mutum ɗaya tak na sani da shi a duniya. Na fito da wuƙar a hannuna. Yarinyar ta miƙo mini wayar tana murna, ta ce mini da Larabci, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa da neman abinci ba, wai ƙungiyar obarit ta 'yan matan jami'a ce ta cika shekara talatin, sun haɗa tarihinta a bidiyo. Na tsaya na kalla har ƙarshe.

Kai da ba ka zauna a Makka ba, obarit wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba mai buɗe baki ya yi magana haka kawai. Tarihin da suka haɗa ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun nuna yadda suka fara su bakwai a wani ɗan ɗaki, sun nuna zauren da aka ba su daga baya, da fitilu, da kayan sawa. Sun kuma nuna hoton tsohuwar da suka ce ita ce uwar ƙungiyar, wadda ta tsara musu waƙoƙin wasansu na farko. Na san tsohuwar sarai. Maƙwabciyarmu ce, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta rera ko da waƙar lallashin jariri ba.

A unguwar Utaibiyya na tashi, can saman dutse inda mota ba ta hawa, sai dai ka taka matattakala har gwiwarka ta yi ƙara. Ɗaki biyu ne da mu, da rufin soro inda ake shanya, nan ne kuma muke shan iska in rana ta yi sanyi. Babana yana tura tsofaffi a keke a Harami, innata tana wankau, Kaka kuma, wadda ta haifi babana, tana soya gyaɗa da ƙuli-ƙuli muna kai wa masu shago. Babu mai takarda a cikinmu. Kaka ta shigo ƙasar nan da ƙafarta tun tana amarya, shekara bakwai suka yi a hanya ita da kakana, suna tafiya suna tsayawa aikin auduga a Sudan. An ce akwai lokacin da aka zagaya ana rubuta mutane, amma kakana ya ɓuya, ya ce ba a rubuta talaka sai in za a kore shi. Wannan ɓuyar tasa muka gada, mu da ba mu ma san fuskarsa ba.

Idan alhazai suka watse, garin ya yi shiru, warin naman layya da aka shanya ya fara barin unguwa, a nan Kaka take samun kanta. Bayan la'asar sai ta hau soro, ta cika baho da ruwa, ta kifa ƙwarya a kai, ta ɗauki ludayi. Ba ta da wata zazzaƙar murya, muryarta ma a dishe take, amma in ta fara sai ka ga matan da ke kwashe shanya a sauran soraye sun tsaya da zane a hannu. Labarin hanya take rerawa: rijiyoyin da suka sha, garin da aka sace musu jaki, jirgin ruwan da ya kusa kifewa da su. Akwai guda ɗaya da ba ta cika yi ba, ta 'yarta ta fari, gwaggona ke nan, wadda zazzaɓi ya kashe tana da shekara biyu, suka binne ta a gindin wata ƙaya, ayari bai ko jira ƙasar ta bushe ba. In ta kai nan innata takan sauka ƙasa ta ce tana da aiki.

Mutum ɗaya ce ba ta son wannan kiɗa, Hajiya maƙwabciyarmu. Mijinta yana da shagon turare a unguwar Zahir, suna da igama, wato takardar izinin zama, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka. Takan leƙo ta katanga ta ce, "Haba Iya, a garin Manzo, da furfurarki?" Kaka ta ce, "To Hajiya, an ji," ta ɗan rage, da ta ji an rufe ƙofa ta ci gaba. Amma kada in zalunce ta, ba muguwar mata ba ce. In innata ta kwanta ciwo ita ke aiko mana da miya.

Ina da shekara goma sha ɗaya wata ɗalibar jami'a ta hau soronmu. Bahaushiya ce haifaffiyar nan, 'yar ƙasa, uwarta tana sayen daddawa a wurin Kaka, mu dai 'Yar Zahir muke ce mata, don can gidansu yake. Ta ce su bakwai ne suka kafa ƙungiya a ɓangaren mata, sun gaji da jeruwa suna rera waƙoƙin yabon ƙasa, suna son labari na gaske. Wata uku suna hawa dutsen nan cikin baƙaƙen abaya, suna haki, Larabawa uku ma a cikinsu. Kaka ta koya musu numfashi, ta koya musu inda ake amshi, ta yanka labarin kashi-kashi ta raba musu. In wata ta ɓata sai ta doki bahon ta ce, "Ke, wannan kuka ne ko atishawa?" su fashe da dariya. Ban taɓa ganin Kaka da walwala irin ta watannin nan ba.

Sai ranar wasa ta matso, aka ce ba wanda zai iya kiɗan ƙwaryar sai ita, dole ta shiga jami'a. 'Yar Zahir ta kawo takardar da baƙo yake cikewa kafin a bar shi ya wuce ƙofa, ana son suna da lambar igama. Ko a jikin Kaka. A unguwarmu aron igama kamar aron turmi ne, da shi ake zuwa asibiti, da shi ake wuce shingen hanyar Jidda. Ta dube ni ta ce, "Je ki gaida Hajiya, ki ce ta ara mini fuskarta ta yini ɗaya." Hajiya ta yi mita, ta ce ita dai ba ruwanta da zunubin kiɗa, amma ta ɗauko ta ba ni a nannaɗe cikin leda.

Ni na cike takardar, don ni kaɗai ce mai rubutun Larabci a gidan, na koya a makarantar masallacin unguwa inda ba a tambayar takarda. Na rubuta sunan Hajiya da lambarta. A ƙasa akwai wani layi da 'yan ƙungiyar suka ƙara, na sunan wadda ta tsara waƙoƙi. Na ɗaga kai na ce, "Kaka, nan fa wane suna zan sa?"

Ta ce, "Wanda kika sa a sama mana. So kike su ga suna biyu su fara tambaya?"

'Yar Zahir ta ce, "Takardar ƙofa ce kawai, Kaka, gobe ma a shara za a same ta."

Na gyara zama na zana sunan Hajiya a karo na biyu, a hankali, ina lanƙwasa haruffa don 'yan jami'a su ga na iya. Har yanzu ina jin yadda na ji daɗin kaina a lokacin, kuma abin yana ƙona mini rai.

Da hantsi muka je. Mai gadin ƙofar mata ta ɗaga wa Kaka niƙabi, ta dubi hoto, ta miƙo mata ta ce mu wuce. Hajiya fara ce mai ƙiba, Kaka baƙa ce siririya da zane uku-uku a kumatu, amma a idon matar nan duk tsohuwar takari, wato 'yar ƙasashenmu na Afirka, ɗaya ce. Zauren ya yi sanyi har haƙorana suna haɗuwa. Aka zaunar da Kaka a bayan labule da bahonta, ni ina gefenta. Ba mu ga wasan ba, ji kawai muka yi. Da aka zo waƙar gindin ƙaya, 'Yar Zahir ta rera rabi da Hausa rabi da Larabci, zauren ya yi tsit, can sai muka fara jin shessheƙa. Kaka tana kiɗa hawaye yana sauka cikin ruwan bahon. A hanyar gida ta ce mini yau dai an yi wa 'yarta zaman makoki.

Takardar ba ta je shara ba. Bayan sati biyu aka kawo wasiƙar godiya da wani allo mai ruwan zinariya gidan Hajiya, da sunanta ɓaro-ɓaro. Ta shigo da shi tana dariya ta ce, "Iya, ga kayanki, ni me zan yi da shi?" Babana ya ce a mayar, in aka ga wannan a gidanmu bakinmu ba zai iya bayani ba. Shekara ta zagayo, manyan jami'a suka ce suna son su karrama matar da kansu, kuma a wannan karon za a duba takardu da kyau. 'Yar Zahir ta zo har gida tana kuka, ta ce in aka faɗi gaskiya za a kama Kaka, a hukunta Hajiya, su kuma a rushe musu ƙungiya. Aka roƙi Hajiya ta je da kanta, ta zauna kawai, kada ta ce komai. Ta je. Daga ranar kowa a jami'ar ya san fuskarta, aron ya ƙare, Kaka ba ta sake taka ƙofar nan ba.

To ka san ɗan Adam da kujerar gaba. Shekarar farko Hajiya ta je tana jin kunya. Ta biyu ta ɗinka sabuwar abaya. Kafin ta biyar an fara turo mata mota, kuma in baƙi suka zo gidanta allon nan ne abin da za su fara gani. 'Yan bakwai ɗin farko suka gama, suka yi aure, suka watse, waɗanda suka biyo baya daga kaset suka koyi waƙoƙin, ba su san akwai wani soro a Utaibiyya ba. Ƙungiya ta yi ta girma, ta yi sababbin wasanni, amma kowace shekara da wasan hanya take rufewa. A ɗan littafin da suke rabawa aka fara rubuta cewa Hajiya ta zo Makka a ƙasa, ta binne 'yarta a hanya. Hajiyar da aka kawo a jirgi da akwatunan aurenta!

Ni na karanta wa Kaka wannan littafin, don ta matsa sai na karanta. Ni ce ma na hau faɗa, na ce zan je in tona, in faɗi sunanta a gaban kowa. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Suna me zai yi mini? Na rayu ba shi. 'Yata ce suka ɗauka suka ba wata." Washegari na ga ƙwaryar a kicin an zuba gari a ciki. Ta yi shekara shida bayan haka, ban ƙara jin ta rera komai ba. Da ta rasu maza suka ɗauke ta bayan sallar azahar, kuma ka san a nan ba a rubuta suna a kabari.

Yanzu garin ya canza. Rabin unguwarmu an rushe, kiɗan da ake leƙo mana ta katanga a kansa yau da manyan kayan kiɗa ake yinsa, maza da mata a zaure ɗaya. Ni ma na sami igama ta hanyar aure, ba wanda zai kama ni, kuma duk waɗanda ake tsoron a cutar sun mutu. Saboda haka na nemi lambar 'Yar Zahir, ta zama babbar mace a wani gari. Ta gane ni, ta yi wa Kaka addu'a mai tsawo, sannan ta ce in bar maganar, 'ya'yan Hajiya suna raye, kuma za a ce sun yi wasa da takardar hukuma. Na ce mata na gode, Allah Ya saka mata daidai da abin da ta yi.

Na shirya na tafi jami'ar da kaina, da takardata ta gaskiya a jaka. Shugabar ƙungiyar ta yanzu yarinya ce sa'ar autata, mai ladabi, ta ba ni gahawa da dabino, ta saurare ni har na gama. Na buga mata kiɗan a kan teburinta, biyu a jere, ɗaya a ware. Ta ce labarin ya taɓa ta ƙwarai, amma ita ba za ta iya canza tarihi da baki ba, ko ina da wata shaida a rubuce? Na ce mata mutanen da ba su da takarda ina za su sami shaida a rubuce?

Sai ta ce in zo in ga abin da su suka dogara da shi. Ta kai ni bakin zauren, inda suka jera kayan tarihi a cikin gilashi don bikin. Ta nuna mini wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta ce wannan ce mafi daɗewa a duk abin da ƙungiyar ta mallaka, ga sunan uwar ƙungiya har sau biyu, ba inda za a yi musu. Ta ƙara da cewa duk wanda ya gani sai ya yaba kyan rubutun.

Na sunkuya na duba. Haruffan suna nan yadda na lanƙwasa su.