Sa Hannun Thirza

Ni da Thirza Hollin mutanen ruwa ne. A cikin kwalekwalen dakon kwal aka haife mu, wata uku tsakani, kuma ba wadda ta taɓa zama a aji a cikinmu. Ina ka ga zaman aji, yau kana Coventry, gata kana hanyar Landan? Muna da shekara takwas muke jan dokin da ke jan jirgi a bakin ruwa, muna da goma sha biyu muke tura ƙofofin tare ruwa da bayanmu kamar maza, don jirgi ya wuce. Ɗakin kwanan cikin jirgi bai kai kicin ɗin mutanen tudu ba, amma in ka leƙa na Thirza sai tagulla ta kashe maka ido don ƙyalli, ga ƙamshin naman alade da albasa a kan murhu. Ubanta ne ke zana furen wardi a jikin bokitan ruwa, ita ma ta ɗauko hannunsa. Da asuba, in hazo ya kwanta a kan ruwa, sai ka ji muryarta tana zagin dokinsu tun kafin ka ga jirgin. Ban ƙara jin wurin da ya yi min daɗi kamar wancan ba.

Ta auri Enoch, dogon mutum da ke yini bai furta kalma goma ba. A shekarar 1958 aka yi mata aikin ciki a wani asibiti, kuma daga nan ba ta koma daidai ba. Tana tura ƙofa sai ta durƙusa riƙe da kwiɓi. Bayan shekara guda ta koma asibitin. Likita Pennock, wanda ya yi aikin, ya sa aka ɗauki hoton cikin, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ba komai, uwargida. Ku matan ruwa shayi ya yi muku yawa, tunani ma haka."

A wurinmu macen da ba ta iya tura ƙofa kaya ce kawai a cikin jirgi. Ni na raɗa mata suna Gimbiya, ba wani ba. In muka haɗu a ƙofa sai in ce, "Gimbiya, a kawo matashi ne ko a kira fadawa?" Kowa ya yi dariya, har ita. Enoch bai taɓa zaginta ba, abin da ya faɗa sau ɗaya ne, kuma ya fi zagi: "Likita ya ce lafiyarki ƙalau. Da wa zan yarda?"

Sanyin 1963 ya daskarar da ruwa wata uku, dako ya koma wa motoci, muka watse zuwa gidajen hukuma. Allah ya sa ni da Thirza layinmu ɗaya. A 1981 ta zame a matakala, aka ɗauki hoton ƙugunta, sai ga ƙarfen matse jijiya na likitoci mai tsawon yatsa zaune a cikinta tun aikin 1958. Aka ciro shi, ta zo da shi gida a kwalbar zuma.

Ni na raka ta wurin lauya, wata yarinya mai gilashi da ake kira Malama Garside. Ta ce shekara uku doka ke ba mutum ya kai ƙara, daga ranar da ya sani. In kuwa an ɓoye masa da gangan, ba a fara ƙirga sai ranar da ya gano.

Na ce, "To ai bara ta gano."

"Asibiti sun ce tun 1959 ta sani." Lauya ta zaro takarda. "Nan an rubuta cewa Likita Pennock ya nuna mata ƙarfen a hoto, ta ƙi a sake aiki. Ga sa hannunta. In wannan ta tsaya, lokaci ya wuce da shekara ashirin, alƙali ba zai ko saurare mu ba."

Thirza ta jawo takardar. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta san alamar gicciye da ke ƙasa.

"Wannan ba ni ba ce."

"Baba, abin ya daɗe, ko kin manta? Wanda bai iya rubutu ba ai gicciye yake yi."

"Wa ya gaya miki? Gicciye na kan kabari ne, yarinya. Ni da raina zan zana shi a gefen sunana? Ba ni alƙalamin nan."

Ta ja layi biyar a bayan ambulan, sai ga wardi ya buɗe. Haka take sa hannu tun ranar aurenta. Wanda ya ƙirƙiro takardar nan a ofis ya san jahila ce, bai san ta wane gida ce ba. Malama Garside ta je cocin Braunston, inda aka ɗaura auren Thirza, ta ga furen a littafin aure, ta gan shi a takardun haihuwar 'ya'ya uku, har da takardar yarda da aikin 1958, wadda ke cikin fayil ɗin asibitin kansa. Pennock ya riga ya mutu, ba wanda zai rantse a kan gicciyen. Alƙali ya ce ɓoyewa ce, lokaci bai fara tafiya ba sai ranar da aka ga ƙarfen. Asibiti ba su so a yi nisa ba, suka biya, suka rubuto wasiƙa sun amsa laifi.

Wasiƙar ce damuwar Thirza. Ta ce sai lauya ta zo har kicin ɗinta ta karanta, ta sa Enoch ya zauna, ni ma ta aiko aka kira ni. Yarinya ta karanta har ƙarshe. Enoch na kallon tebur.

Ya ce, "Sake karanta wurin ciwon."

Ta sake: ciwon da matar ta yi ta kuka da shi shekara ashirin da uku na gaske ne, kuma ƙarfen ne ya jawo shi.

Na buɗe baki. "Thirza, bakin nan nawa..."

"Yi shiru, Dorcas. In kika fara ba da haƙuri sai mun kai Lahadi. Tsoho, kai nake jira."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Da ke ya kamata in yarda."

"To," in ji ta. "Ɗora ruwan shayi, baƙuwa na zaune."

Ya tashi ya ɗora. Bai san inda ake ajiye kofuna ba, ita kuma ba ta motsa ta nuna masa ba, sai da ya buɗe kabad uku.