Jakar da Gwaggo Kulu Ta Ɗinka Mini

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Birnin Kebbi ya san Gwaggo Kulu ba ta gaisuwa haka kawai. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta kamar carbi, kana "ina kwana" tana auna kafaɗarka. Zama kuwa ba ta san shi ba. Keken ɗinkinta na hannu a kan kifaffen turmi take ɗora shi, ta yi ɗinki a tsaye, ta leƙa tukunya, ta kori akuya, ta dawo. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, don haka na fi kowa shan awo.

Kun san dokarta: ɗan gidanta ba ya tafiya da jakar kasuwa. Da na samu aikin jinya a Argungu, aka ce in bayyana ranar Litinin ko a ba wata gurbin. Ranar Talata na nuna mata hoton wata jaka a waya.

Ta taɓe baki. "Wagga? Ko albasa ba ni zubawa ciki. Ni za ni ɗinka miki, 'yar doguwa kamar ganga, da zip da maratayi."

"Gwaggo, kwana shida suka rage."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ce, Balki." Matar da ko tuwo a tsaye take ci, ita ke faɗa mini haka.

Yadi ba ta saya ba. Tsohon kakin mijinta marigayi, malamin gona, ta ciro daga ƙasan akwati. Da ta zo yanka zagayen gefe biyu, ta duba ko'ina ba abin da ya yi mata, sai ta ɗauke murfin tukunya miya na tafasa, ta kifa a kan kakin, ta zagaye shi da gawayi. Na ce zai yi tabo. Ta ce, "To ba sai ki gane kayanki a tasha ba?" Tabon miyar kukar nan yana nan har yau.

Saura zip. Ranar Juma'a ƙanenta Baba Sani ya ɗauko wandonsa daga igiyar shanya zai tafi masallaci, sai muka ji shi daga ɗaki.

"Yaya, ina zip ɗin wandona?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba babbar riga za ka ɗora bisa ba? Wa zai gani?"

Haka bawan Allah ya tafi masallaci da fil biyu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Asabar da hantsi jaka ta haɗu. Na miƙa hannu, sai ta ɗauki reza ta farke maratayin, wai ya karkace. Lahadi da safe ta sake haɗawa, ta juya ta, ta juya ta, ta farke gindin. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye, kayana a tule kan tabarma, ina ta leƙa agogo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya.

"Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya. So kike aikin nan ya kuɓuce mini?"

Ranar na fara ganin Gwaggo Kulu ta jawo kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon kakin. Kunya ta kama ni. Sai ta sa zare, kafin la'asar ta gama, ɗinki tsaf ba inda ya karkace.

Da na fara zuba kaya na ga matsala. Kala biyar da darduma, jaka ta cika dam.

"Gwaggo, ta yi ƙarama. Ke da ba ki kuskuren awo?"

"Ban yi kuskure ba. Kayan Litinin zuwa Juma'a na auna. In sunka ƙare, kin san hanyar gida."

Kuma haka aka yi. Abokan aiki na tsokanata wai da matashin kai nake yawo, amma duk Juma'a ina motar Birnin Kebbi. In na shiga, kafin in ajiye jakar ta ɗora mini tef a ƙugu, ta ce Argungu duk kifinsu sun kasa ciyar da ɗiyarta.

Bara ta rasu. Har yanzu in Juma'a ta yi, sai in tsinci kaina ina zuba kaya a jakar, sannan in tuna. Ina kewarta ƙwarai.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya yalwata mata makwanci fiye da abin da tef ɗinta zai iya aunawa, ya ba ta hutun da ba ta taɓa yarda ta yi ba a duniya. Amin.