Ƙwayar da ban taɓa tsallakewa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kun saba ganina a nan da hotunan jikoki da girke-girke. Yau zan faɗi abin da na haɗiye shekara da shekaru, ko 'ya'yana ba su san shi duka ba.

Jiya wata baiwar Allah ta yi tambaya a zauren mata, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta yana karya ƙwayar tazarar haihuwa. Aka yi ta yi mata dariya. Ni kuka na yi.

Zamanin da kuɗin fetur suka cika gari, muna zaune a Nassarawa GRA, a gidan gwamnati mai bishiyoyin mangwaro. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, babban ma'aikaci ne. Ga mota, ga direba, ga kuku. Lafiya ce kawai ba ni da ita.

Haihuwata ta biyu ta taɓa min zuciya. Ƙafafu suka kumbura, in na kwanta numfashi ya gagara. Likitar mata, wata 'yar Zariya mai faɗa, ta ce mana, "Wani cikin nan kusa zai iya kashe ta." Ta ɗora ni a kan ƙwaya.

A lokacin ba maganar da ake yi a fili ba ce. Daga ni sai shi muka sani. A gwangwanin hoda nake ɓoye ta, kullum in sha bayan sallar asuba.

Sai tari ya zo. Zufa ta jiƙa matashi, zani ya daina zama a ƙuguna, rannan na ga jini a kaki.

Maigida ya yi tafiya Ikko, don haka surukata Hajiya ce ta raka ni wani asibitin daban. Ta ce ba a barin mace ta shiga wurin likita namiji ita kaɗai. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki, aka ce tarin tibi ne.

Likitan ya tambaye ni, "Akwai wani magani da kike sha?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Babu, likita, sai jiƙon da nake ba ta."

Na sunkuyar da kai. Wace ce za ta ambaci ƙwayar hana ciki a gaban uwar mijinta?

Ya rubuta magunguna, har da wani jan kafso mai tsada wai shi rifamfisin. Ya ce kada in tsorata, fitsarina zai koma ja kamar zoɓo. Iyakar gargaɗinsa ke nan.

Aka ware min kofi da cokali, aka kai 'yan matana biyu gidan yayata a Giginyu. Ina shan kafso, ina shan ƙwayata, ban taɓa fashi ba.

Tari ya fara lafawa, al'ada kuma ta ɗauke. Na ce rama ce. Amai ya zo, na ce magani ne. Kafin a gane, ciki ya yi ƙwari.

Maigida ya dube ni ya ce, "Na san kina son namiji, amma har ki sayar da ranki? Daina sha kika yi, ko?"

Na rantse, bai yarda ba. Wallahi maganar nan ta fi tarin yi min ciwo.

Ƙafafu suka sake kumbura, aka ba ni gado. Robar iska a hanci, abinci ba gishiri, kullum a auna fitsari. In nas ta ja labule a gadon kusa da ni, sai in ce gobe ni ce.

Likitar mata ta sa aka kawo duk magungunana. Ta ɗaga jan kafson ta ce, "Wa ya ba ta wannan tana kan ƙwaya? Ai shi yake sa hanta ta ƙone ƙwayar kafin ta yi aiki. Ko ba ta tsallake ba, ciki zai shiga."

Maigida yana tsaye, duk a kunnensa.

Naƙuda ta zo kafin lokaci. Namiji ne, ɗan mitsitsi. Saboda tarina ba a ba ni shi ba, ta gilashi na gan shi. Babansa ya yi masa huɗuba da Abubakar. Bai kai la'asar ba.

Da ya dawo daga maƙabarta, da ƙasa a gwiwar wandonsa, ya zauna a bakin gadona ya ce, "Ki yafe min." Na yafe, muka yi kuka tare.

Na gama maganin, tibi ya warke, zuciya ta lafa a hankali. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Hajiya da ta yi jinyata da zuciya ɗaya. Har ta rasu ba ta sani ba.

Ga amsarki, 'yata mai tambaya. Likitoci sun ce yawancin irin waɗannan magunguna ba sa taɓa ƙwayar, amma rifamfisin da danginsa suna karya ta. Kada ki daina maganin tibi. Ki gaya wa likita duk abin da kike sha, ya ba ki wata hanyar. In kina jin nauyin wadda ta raka ki, ki roƙi a bar ku ku biyu.

Ni magana ɗaya ce na kasa faɗa wa likita. Da Abubakar ya rayu, da yanzu shi ma ya fara furfura. Ku sa shi a addu'a.