Ranar da Aka Rubuta Inna Kyauta Cikin Jahilai

A Rara, zamanin Turawa, duk yaron da ya fara gane baƙi da wasali na ajami, a zauren Inna Kyauta ya gane. Mijinta ya rasu ya bar mata zauren, ita kuwa ta cika shi da yara ƙanana, waɗanda ba su isa zuwa gona ba. Tana zuba toka a faifai, ta kama yatsan yaro ta ja shi a kai har harafi ya fito. Ranar da yaro ya karanta layi guda shi kaɗai, sai ta rangaɗa guɗa, maƙwabta su leƙo ta katanga suna tambayar ɗan wa ne yau. Ba ta taɓa haihuwa ba. Waɗannan su ne 'ya'yanta.

Shekarar da aka ce za a buɗe ajin boko a garin, aka rasa ɗaki, sai ido ya faɗa kan zaurenta. Inna ba ta ƙi ba. Abu ɗaya ta roƙa: a bar ta da ƙananan, ta ci gaba da koya musu.

Wani Bature mai duba makarantu ya zo daga Sakkwato don ya gwada ta. Tafintansa Halliru ne, ɗan Mode maƙeri, wanda ita ta yi wa guɗa shekara ashirin da suka wuce. Baturen ya miƙa mata littafin boko. Ta goge hannu a zane, ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta dama, yadda ta saba buɗe kowane littafi tun tana yarinya. Sai ga shi ta fara daga ƙarshe.

Baturen ya yi dariya har jar fuskarsa ta ƙara ja. Ya yi magana, ya rubuta wani abu.

"Mi yac ce?" in ji Inna.

Halliru ya dubi takalminsa. "Ya ce ko riƙon littafi ba ki iya ba, Inna. An sa sunanki cikin jahilai."

"Ni? To, gaya mishi namu ta nan aka buɗe shi. Gaya mishi wa yak koya maka karatu."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba a maida mishi magana."

"Kai, ɗan Mode! Bakin naka maƙera anka bar shi?"

Da kalma biyar sun ishi Halliru ya fahimtar da Baturen. Bai faɗe su ba. Ya san dalilin kuskuren sarai, domin shi ma ta dama ya fara buɗe littafi a duniya, a kan cinyarta. Amma sabuwar rigarsa ta aikin tafinta ta fi masa nauyi.

Bayan sati biyu aka jera benci a zauren, aka kawo malami mai bulala daga Rabah. Mai gari ya aiko cewa kada a ƙara kai wa Inna yara, wai tana ruɗa musu hannu. Tana daga cikin gida tana jin muryoyinsu ta bango, ta san kowace, ta san wanda ya kusa ganewa da wanda tsoro ya toshe wa kai.

Ta rayu shekara tara bayan haka, a gidanta, bango ɗaya tsakaninta da yaran. Ba a sake barinta ta kama yatsan ko ɗaya ba.