Ruwan da Babakura Ya Karkatar

Babakura manomi ne a gindin duwatsun Machina. Gonar da ya gada a kan gangare take, duk damina ruwa ya sauko daga dutse ya kwashe taki da shuka, ya bar masa tsakuwa. Shekara uku a jere geronsa bai cika rabin rumbu ba.

Wata rana ya kai akuya kasuwar Nguru, ya ji wani mutumin Nijar yana bayanin yadda suke jera duwatsu a gicciye cikin gona, ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. Dutse kuwa a Machina ba saye ake ba. Da rani ya jera layi huɗu. Da damina ta faɗi ya ga ruwan sama zai fi ƙarfin jerin, sai ya haƙa masa hanya ta gabas. Ya san inda ta nufa: gonar Hajja, tsohuwar da mijinta, aminin mahaifinsa, ya rasu.

A tsakiyar damina ruwa ya tsaga gonar Hajja biyu, geronta ya bi kwari. Shi kuwa ya ɗaure dami sittin.

Bayan girbi ta yi sallama a ƙofar gidansa.

"Babakura, na ga Allah ya sa wa gonarka albarka. Ka koya min jerin dutsen nan."

Ya kasa ɗaga ido. "Ki bari, Ya Hajja, ni zan yi miki."

Wata biyu yana jigilar dutse a amalanke. Ya jera mata, ya cike ramin da ruwa ya yi a gonarta, ya toshe hanyar da ya haƙa. Duk wanda ya wuce sai ya sa masa albarka. Har ƙungiyar manoma ta kira shi taro a Gashua, aka tsayar da shi gaban jama'a, aka ce ga mai riƙon zumunci. Aka yi ta tafi, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shinkafar da aka raba ma bai iya ci ba.

Yana dawowa ya wuce gidan Hajja, ya durƙusa, ya faɗa mata komai.

"Na sani," in ji ta, tana ci gaba da ɓarar gyaɗa. "Ina tsinkar tafasa a bayan dutse ranar da kake haƙawa."

"Me ya hana ki magana?"

"Da na kai ƙararka wurin bulama mai gari, dami biyu za ka ba ni, ka daina gaishe ni. Yanzu ga gona ta gyaru."

Washegari ya kai mata dami goma. Ta ɗauki huɗu, ta ce ya mayar da sauran, yana da bakuna da yawa a gida. Ya koma da su ta bayan gari, don kada a tambaye shi.