Odar da Anka Busa wa Kakata

Ni dai tun ina ƙarami Allah ya ɗora mini son tsofaffin motoci, irin rokar nan mai dogon hanci da bodin katako. Ban yi makarantar kanikanci ba, ban taɓa tuƙa ko akori-kura ba, amma in ka nuna mini guntun katakon bodi zan gaya maka ko ta albasa ce ko ta shanu. Wayata cike take da hotunan matattun motoci. Abokaina kan ce, "Kai wanga, mutane na ɗaukar hoton budurwa, kai kana ɗaukar hoton tsatsa." Ba ni jin haushi, ba su ganin abin da nike gani.

Kakana na wajen uba direban roka ne a wani kamfanin dakon kaya da ke Sabon Gari. Ban gan shi ba, ya rasu babana na goye. A gidanmu na Ƙofar Dundaye ba a zancen mota. Kakata, wadda ita ta rene ni, in babbar mota ta yi oda a titi sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ko da tana tsakar tankaɗe. Na ɗauka tsufa ne. Sai bara na san dalili, na kuma san akwai wani tsoho a Mabera da ya ƙarar da rayuwarsa yana jiran kalma ɗaya daga bakinta.

Ga yadda anka yi. Na ji labarin za a yanka roka ta ƙarshe da ta rage a tsohon filin kamfanin, wanda yanzu bulo ake bugawa a ciki. Na hau kabu-kabu da hantsi, na tarar 'yan gwangwan har sun cire mata ƙofofi. Wallahi kamar ana fiɗar raƙumi. Katakon bodin ya ruɓe, kaji sun yi ƙwai a mazaunin direba. A saman kanta akwai oda irin ta iska, baki biyu, wadda ake ja da igiya daga ciki. Na roƙe su, sunka kwance mini ita suna dariya. Maigadin wurin ya tambaye ni ɗan wane gida ne, da na gaya masa sai ya ce, "Wagga mota ta kakanka ce. Tahi Mabera, bayan masallacin Juma'a, ka tambayi tsohon direba mai kumburin ƙahwa. Shi kaɗai yar rage cikinsu."

Na same shi a zaure kan tabarma, ƙafarsa ɗaya ta kumbura kamar turmi, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama, na durƙusa, na ce, "Baba, labarin motoci na zo ji."

"Labarin motoci! Ɗiyan yanzu kun san mota? Ku da kuke tuƙi da yatsa guda!"

Sai ya buɗe baki, ni kuwa na kunna waya ina ɗaukar muryarsa. Ya ce da asuba motocin kamfanin ke jeruwa, a loda albasa da fatu da gero a yi kudu, a dawo da goro da gishiri da siminti. Tafiya sati biyu, wani lokaci uku in damina ta cinye hanya. Biyu-biyu suke tafiya, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta tsaya mata. Ba waya, ba mai kai saƙo gida. To ta yaya mace za ta san mijinta ya dawo? Oda. Kowane direba da busarsa, kamar yadda kowane basarake ke da takensa. In ya shigo gari ya kusa unguwarsu sai ya ja igiya, matarsa na cikin gida za ta gane. Wani tasa na cewa a share ɗaki, wani tasa zagin abokin hamayya ce. Har yara sun haddace, suna bin mota suna maimaitawa.

"Amma akwai doka guda," in ji shi. "Motar da ta ɗauko gawar direbanta ba ta oda. A saƙala mata ɗanyen ganye a gaba, ta shigo a hankali, shiru. Shirun nan shi ne sanarwa. Mata na jin ƙugin injin ba oda, sun san abin da ya hwaru, su zauna su shirya zukatansu."

Ni da zumuɗi sai na zaro odar daga buhu na ɗora masa a cinya. Na ce, "Baba, ta kakana ce! Ka san busarsa? Ka koya mini!"

Ya shafa ta, ya shafa, ya kai hannu ya laluba fuskata. Ya ce in kashe wayar. Na kashe.

Ya ce shi ne abokin tafiyar kakana, shekara da shekaru motarsa na bin bayan tasa. Busar kakana cewa take, ɗora sanwa, na iso. Sau da yawa in kakana ya gaji shi yakan bar wa yaron mota tasa, ya karɓi tuƙin rokar kakana, kuma in sun kawo kwanar Ƙofar Dundaye kakana kan zungure shi ya ce, busa mata mana. Har hannunsa ya saba. Ranar da abin ya faru suna dawowa ne, saura tafiyar rabin yini, tayar rokar kakana ta fashe. Kakana ya shiga ƙarƙashi, jak ya zame. Kafin su ɗaga motar rai ya yi halinsa. Shi kuwa ya bar tasa motar a nan, ya shimfiɗa abokinsa a bayan rokar kakana kan buhunan goro, ya karyo ganye ya saƙala, ya kamo hanya.

"Duk hanya ina hwaɗa ma kaina, kada ka taɓa igiyag ga. Har na yi niyyar in ɗaure ta sama. Ban ɗaure ba. Muna kawowa kwanar nan, wallahi ɗana ban san sa'ad da hannuna ya tahi ba. Sai ji na yi tana tashi. Duka hwa, har ƙarshe."

Ya ce tun daga ranar kakata ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Ya aika malamai, ya aika matarsa, har matar ta rasu. Ya ce, "Likita ya ce ciwon ya hau sama. Ba ni son in tarar da abokina da wagga magana a wuyana. Kai jikanta ne, miji ne gare ta, kana iya hwaɗa mata abin da wani ba ya iyawa. Ka roƙa mini ita ta yahe."

Na dawo gida bayan la'asar, na sami Kaka tana tsince shinkafa a faifai. Tana ganina ta fara tsiyar da ta saba. "Maigida, ina cefane? Miji sai yawo, ya dawo da buhun tsatsa. Ni dai sakina za ka yi in huta."

Na ce, "Uwargida, yau saƙo na kawo miki daga Mabera."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta tambayi wane ne ba. Ta dubi buhun, ta ce, "Mi ne ciki?" Na buɗe. Ta daɗe tana kallon odar, ba ta taɓa ba.

"Ya gaya maka ya busa. Ya gaya maka abin da ni na yi?"

Na ce a'a.

"Ina jin busar na tashi da gudu na hura wuta, na ɗora sanwa. Na shiga ɗaki na sa kwalli, na canza zane, ubanka na bayana. Na leƙo zaure ina dariya. Maza cike da ƙofar gida, duk sun ga ganyen, ni kaɗai ban gani ba, idona na kan mazaunin direba. Har na ɗaga murya na ce, yau kuma an yi sauri, ko goron ya ƙare a kudu? Kowa ya ji. Sannan sunka sauko da shi."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar, amma tsakuwar take mayarwa cikin faifai.

"Mutuwa ta Allah ce, ban taɓa cewa shi ya kashe shi ba. Kowace mace a unguwag ga da ta rasa direba, an ba ta shirunta, ta zauna ta tarbi abinta. Ni an hana ni nawa. Da dariya na tarbi gawar mijina. Ka hidda wagga aba daga gidana."

Na kai odar shagon wani abokina. Kwana tara ina zarya. In je Mabera ya ce, "Ta ce mi?" in ce ba ta ce ba tukuna. In dawo gida in fara, ta ce in tashi in ba ta wuri. Ƙafar tasa ta fara wari, ƙuda na bin tabarmar. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Kaka, mutuwa zai yi hwa. Ki ce kin yahe in kai masa, kalma guda ce."

Ta ce, "Ba a aiken wagga magana. Nemo mini keke."

Munka shiga keke mai ƙafa uku, tana lulluɓe, har Mabera. Ba ta shiga zauren ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta yi sallama. Ya gane muryar nan take, ya yi ta kokawar tashi zaune, ya kasa.

Ta ce, "Na ji saƙonka. Na yahe maka. Ba ni son ranar tsayuwa a tsayar da ni da kai a sake karanta mini wannan yinin."

Ya yi kuka irin na tsofaffi, ba hawaye sosai, sai kafaɗunsa ke motsi. Ya ce, "Matar abokina, har zuci?"

Da ma bai tambaya ba. Kakata ba ta iya ƙarya.

"Baki ya hwaɗi, Allah ya ji. Zuciya kuwa ba a hannuna take ba."

Ta juya. A hanyar dawowa wata tirela ta saki oda a bayanmu, ta toshe kunnuwanta kamar kullum.

Ya ƙara sati uku a duniya. Ina zuwa duba shi, amma ban sake kunna waya ba, ban kuma sake cewa ya koya mini busar ba, ko da yake Allah ya sani ina son in ji ta fiye da komai. Duk zuwa tambayarsa ɗaya ce, "Ta ƙara cewa wani abu?" Sau biyu na yi niyyar in ƙirƙiro masa magana mai daɗi. Na kasa, don shi ma zai gane. Zuwana na ƙarshe na ce, "Ba ta ce ba, Baba." Ya ce, "To, a bar ta. Abin da ta bayar ma ya hi ƙarfina."

Da safe anka aiko ya cika. Na je jana'iza, na dawo da ƙurar maƙabarta a ƙafata, na gaya mata. Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Shi ke nan, ta shiga ɗaki. Na zauna a tsakar gida raina a ɓace, ina ganin ko sunansa ba ta iya kamawa ba.

Can sai ta fito ta ce in ɗauko mata babbar tukunyar da ke bayan rumbu, wadda tun tasowata ban taɓa ganin an girka ba. Ta wanke ta da kanta, ta hura wuta, ta ɗora sanwa. Ta hana kowa sa mata hannu. Da tuwon ya nuna ta kwashe a manyan kwanoni ta ce in kai gidan makoki a Mabera.

Na ce, "In ce daga wa?"

Ta ce, "Kai dai ka aje ka dawo. Kada ka tsaya surutun mota."