Don Evelio da Kofin Gahawa a Kan Inji

Ƙarfe shida na safe Don Evelio Carabalí yake buɗe garejinsa a bayan kasuwa. Ya ɗora gahawa, ya jera sifanu a kan buhu. Shekara arba'in da bakwai ke nan yana farfaɗo da manyan injinan Amurka masu silinda takwas, waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi yawancin direbobinsu. Ƙa'idarsa ɗaya ce. In ya gama haɗa inji, sai ya tayar da shi, ya cika ƙaramin kofi da gahawa ya ɗora a kai. Ɗigo ɗaya ya zube, a sake kwancewa.

Bara motar kashe gobara ta garinmu, ƙirar 1969, ta buga inji, saura mako biyar a fara ƙona gonakin rake kamar yadda ake yi kafin sara. Ita kaɗai gare mu, kuma kafin wata motar ta zo daga birni sai awa guda. Kyaftin Nubia Lucumí, shugabar 'yan sa-kai masu kashe gobara, ta sa tarakta ta jawo ta.

"Don Evelio, sun ce a sayar da ita a kilo."

"Ni ma haka jikokina ke cewa a kaina. Buɗe bonet, 'yata."

A lokacin hannuwansa sun fara rawa, har likita ya ce ya ajiye aiki. Fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin silinda, babu shi a kasuwa. Ya samo biyu a tsohon injin ban-ruwa na wata gona. Nubia ce ta riƙe sifana, shi yana gefe yana cewa ƙara, ko tsaya. A mako na huɗu injin ya tashi, aka ɗora kofin. Gahawa ta ɗiga.

"Haba Baba, ɗigo ɗaya!" in ji Nubia. "Ai hannunka ya fi injin rawa."

"Hannuna ba zai je kashe wuta ba. Kwance."

Suka kwance, suka tarar da bawul guda, wato murfin ƙofar iskar silinda, ya tsage. Bayan kwana shida aka sake ɗora kofin, bai zubar ba.

Da aka fara ƙona gonaki, iska ta kai wuta unguwar masu saran rake. Injin ya yi awa shida yana tura ruwa bai tsaya ba. Kicin ɗaya ya ƙone. Ba a rasa rai ba.

Don Evelio, kai ne ka hana mu gaggawa ranar da kowa ke son a gama. Kai ne ba ka taɓa sallamar aikin da ba ka yarda da shi ba. Mun gode. Duk mai sana'a a garin nan ya nemi abin da zai riƙa gwada aikinsa da shi, kamar yadda ka yi.

Ranar Asabar ya rufe garejin, rufewar ƙarshe. Ya cika kofin ya miƙa wa Nubia, rabin gahawar ya zube a hanya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a kan injin motar kashe gobarar.